Manjo Anders Lassen: Rayuwar Sojan Kwamando da Abin da Ya Bari

Gabatarwa

Idan aka ambaci Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Hausa, watau yaƙin da dattawa suka fi sani da Yaƙin Hitila, abin da kan fara faɗo wa mutane a rai shi ne labarin sojojin Nijeriya da aka kai Habasha da Bama. Kaɗan ne suka san cewa daga tashar jirgin ruwa ta Ikko aka tashi zuwa wani hari da ya yi suna ƙwarai a tarihin sojan Ingila, a farkon shekarar 1942. A cikin waɗanda suka kai wannan hari akwai wani saurayi mutumin Danmak, mai suna Anders Lassen, wanda a lokacin bai cika shekara 22 da haihuwa ba. Kafin yaƙin ya ƙare, wannan saurayi ya zama manjo, ya karɓi lambar jaruntaka ta Military Cross har sau uku, sa'an nan bayan mutuwarsa aka ba shi Victoria Cross, wadda babu lambar yaƙi da ta fi ta daraja a wurin Ingilishi.

Wannan maƙala za ta bi sawun rayuwarsa daga haihuwa zuwa mutuwa, kuma za ta duba abin da irin yaƙinsa ya jawo wa waɗansu mutane da ba su riƙe bindiga ba. Domin kuwa tarihin jarumi ba ya cika sai an lissafa har da waɗanda suka biya kuɗin jaruntakarsa.

Asalin kwamando

Kalmar kwamando ta samo asali ne daga Afirka ta Kudu. Haka Turawan Bowa suke kiran ƙananan ƙungiyoyinsu na mahaya dawaki, waɗanda suka addabi rundunar Ingila da sari-ka-noƙe a yaƙin 1899 zuwa 1902. A watan Yuni na 1940, bayan Jamus ta fatattaki sojojin Ingila daga Faransa har suka tsere ta Dunkirk suka bar kayan yaƙinsu, sai ya zama Ingila ba ta da ƙarfin da za ta sake tsallaka teku ta yi gaba da gaba da abokan gaba. Wani hafsa mai suna Dudley Clarke, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu, ya kawo shawarar a kafa ƙananan ƙungiyoyi na 'yan sa kai da za su riƙa kai samame cikin dare a gaɓar ƙasashen da Jamus ta mamaye, su yi ɓarna, su kama fursunoni, su koma kafin gari ya waye. Firayim Minista Winston Churchill ya karɓi shawarar hannu biyu-biyu. A watan Yuli na wannan shekara kuma aka kafa wata hukuma ta asiri da ake taƙaita sunanta da SOE, wadda aikinta shi ne shirya maƙarƙashiya da ɓarna a bayan abokan gaba. Ta ƙofar wannan hukuma Lassen ya shiga yaƙi.

Haihuwa da tasowa

An haifi Anders Lassen ranar 22 ga Satumba 1920 a kudancin tsibirin Ziland na ƙasar Danmak, a gidan masu filaye da wadata. Ya taso cikin gonaki da dazuzzuka, ya ƙware da farauta tun yana yaro, musamman harbi da baka da jifa da wuƙa. Karatun boko bai karɓe shi ba, saboda haka a 1939 ya bar gida ya kama aiki a jiragen ruwan 'yan kasuwa, a matsayi na ƙasa.

Ranar 9 ga Afrilu 1940 sojojin Jamus suka kutsa Danmak, kuma cikin 'yan sa'o'i gwamnatin ƙasar ta miƙa wuya. A ran nan Lassen yana bisa teku, cikin wani jirgin dakon mai, nesa da gida. Shi da abokan aikinsa suka zaɓi a kai jirgin tashar da ke hannun Ingilishi. A ƙarshen 1940 ya isa Birtaniya, a farkon 1941 kuma ya shiga soja a matsayin farabiti. Daga ranar da ya bar gida a 1939 bai ƙara taka ƙasar haihuwarsa ba.

Yaƙin ya raba danginsa biyu. Ɗan gwaggonsa, Axel von dem Bussche, hafsa ne a rundunar Jamus. Wannan hafsa ya ga kisan gillar da aka yi wa Yahudawa a garin Dubno a 1942, abin ya tsaya masa a rai, har a ƙarshen 1943 ya yarda ya ɗaura bam a jikinsa ya halaka tare da Hitila a wajen wani nunin sababbin kayan soja. Shirin ya wargaje domin jiragen sama sun ƙone kayan kafin ranar. Ƙanen Lassen kuwa, Frants, an sauke shi da laima a Danmak a 1944 don ya taimaki 'yan gwagwarmaya, aka kama shi, amma ya tsira da ransa.

Daga Ikko zuwa Fanando Po

A cikin 1941 wani hafsa mai suna Gus March-Phillipps ya tara 'yan mutane ƙalilan, ya sami wani jirgin kamun kifi na katako mai tafiya da filafilai, mai suna Maid Honor, ya ɓoye makamai a cikinsa. Lassen yana cikin waɗanda ya zaɓa, saboda sanin teku da yake da shi. Suka tashi daga Ingila a watan Agusta, suka isa Firitawun ta Saliyo a watan Satumba, suka shafe watanni suna binciken gaɓar Afirka ta Yamma ko za su gano inda jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suke fakewa.

A tsibirin Fanando Po, wanda yanzu ake kira Biyoko a ƙasar Ikwatoriyal Gini, akwai tashar Santa Isabel, watau Malabo ta yau. Tsibirin yana ƙarƙashin mulkin Sifen, ita kuwa Sifen ba ta shiga yaƙin ba. Tun 1940 wani babban jirgin kaya na Italiya mai suna Duchessa d'Aosta ya fake a wannan tasha, tare da jirgin ja na Jamus mai suna Likomba da wani ƙaramin jirgi, Bibundi. Ingilishi suna zargin cewa ana amfani da rediyon babban jirgin wajen aika labarin zirga-zirgar jiragensu. To, amma shiga tashar ƙasar da ba ta cikin yaƙi a ƙwace jirgi keta dokar ƙasa da ƙasa ne, kuma yana iya tura Sifen ta koma bayan Jamus. Saboda haka Janar Giffard, babban kwamandan soja na Afirka ta Yamma, ya ƙi ba da ko soja ɗaya. Gwamnan Nijeriya, Sir Bernard Bourdillon, shi ne ya ba da jiragen ja guda biyu na gwamnati, Vulcan da Nuneaton, ya kuma yarda waɗansu ma'aikatan gwamnati su sa kai su bi.

Suka bar Ikko ranar 11 ga Janairu 1942. Daren 14 ga wata, bayan an kashe wutar lantarkin garin, suka shiga tashar a ɓoye. Wani ɗan asirin Ingilishi da ke zaune a tsibirin ya riga ya shirya an yi wa hafsoshin jiragen liyafa a cikin gari, saboda haka babu shugaba ko ɗaya a bisa jirgi. Lassen yana cikin na farkon da suka haye Duchessa d'Aosta. Aka kame ma'aikatan da suka rage ba tare da harbi ba, aka sa nakiya aka tsinke sarƙoƙin anga, aka ja jiragen uku zuwa teku. Aikin duka bai wuce kamar rabin sa'a ba, kuma ba a rasa rai ba. Bayan 'yan kwanaki wani jirgin yaƙin Ingila, Violet, ya tarye su a teku kamar haɗuwar katari, don a sami abin faɗa wa duniya cewa a tsakiyar teku aka kama su. Ranar 21 ga Janairu suka shigo Ikko. Sifen ta yi kuka mai ƙarfi, Ingila kuwa ta musanta cewa da hannunta.

Abin lura a nan shi ne, 'yan Afirka ne suke zuba gawayi a injin jirgin da ya ja wannan ƙaton jirgi daga tashar, suna cikin haɗari ɗaya da Turawa. Littattafan da suka ba da labarin harin sun cika da sunayen hafsoshi da lambobin da aka ba su, su kuwa waɗannan ma'aikata sai a ambace su a jimlace a wuce.

Harin Sak da umurnin Hitila

Bayan ya koma Ingila aka ba Lassen muƙamin hafsa a 1942, ƙungiyar tasu kuma aka faɗaɗa ta ta zama ƙaramar rundunar kai samame a mashigin teku da ke tsakanin Ingila da Faransa. A farkon Satumba suka dira kan hasumiyar fitila ta Casquets, suka kwashe Jamusawa bakwai da ke tsaron ta ba tare da harbi ba. Kwana goma bayan haka March-Phillipps ya mutu a wani hari a gaɓar Nomandi wanda Lassen bai je ba. Waɗanda suka san shi sun ce wannan rashi ya ƙara masa zafin zuciya.

Daren 3 ga Oktoba 1942 mutum goma sha biyu ƙarƙashin Geoffrey Appleyard suka hau duwatsun tsibirin Sak, ɗaya daga cikin tsibiran Ingila da Jamus ta mamaye. Wata mata mazauniyar tsibirin ta nuna musu inda Jamusawa suke kwana. Aka tura Lassen ya kashe mai gadi da wuƙa, sa'an nan suka kama sojoji biyar a kan gadajensu, suka ɗaure musu hannuwa. A kan hanya fursunonin suka yi ƙoƙarin gudu suna ihu. A cikin hargitsin aka kashe waɗansu, waɗansu suka tsere, ɗaya kaɗai aka kai Ingila.

Da gari ya waye Jamusawa suka tarar da gawa da igiya a hannu. Dama tun harin Dieppe na watan Agusta suna ƙorafin cewa sojojin ƙawance suna ɗaure fursunoni. Nan da nan Jamus ta sa wa fursunonin yaƙi fiye da 1,000 ankwa, akasarinsu mutanen Kanada, Ingila ita ma ta rama a kan fursunonin Jamus. Ranar 18 ga Oktoba 1942 Hitila ya ba da umurni na asiri cewa duk ɗan kwamandon da aka kama, ko da yana sanye da kayan soja, ko da ya ɗaga hannu, a kashe shi. A farkon 1943 kuma aka kwashe waɗansu mazauna tsibiran zuwa sansanoni a Jamus, har da matar nan da ta nuna hanya. Hausawa kan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a irin wannan yaƙi sau da yawa tsuntsun yakan tashi ya bar ruwan ya sauka a kan wasu.

Tsibiran Girka

A farkon 1943 aka tura Lassen Gabas ta Tsakiya, ya shiga rundunar SBS, masu kai hari da ƙananan jiragen ruwa, ƙarƙashin George Jellicoe. A watan Yuli ya jagoranci wani ɓangare na harin da aka kai filin jirgin sama na Kastelli a tsibirin Kirit, don a rage ƙarfin jiragen Jamus kafin sojojin ƙawance su sauka Sisili. Ya kutsa cikin filin da ke cike da masu gadi, ya ja hankalinsu wajensa har abokansa suka dasa bama-bamai. Wannan ya sa aka ba shi Military Cross karo na biyu. Bayan tafiyarsu Jamusawa suka fito da mutanen tsibirin da suke tsare da su, suka harbe da dama don ramuwa.

Da Italiya ta ajiye makamai a watan Satumba 1943, Ingila ta yi ƙoƙarin riga Jamus kama tsibiran Dodekanis. Lassen yana tsibirin Simi lokacin da Jamusawa suka sauka a watan Oktoba. Yana fama da atini da ƙuna a ƙafa, duk da haka ya tattara 'yan mutanensa da sojojin Italiya da suka rage, suka kore su. Nan ya sami lambar karo na uku. Amma yunƙurin na Ingila bai yi nasara ba, domin tsibirin Leros ya faɗa hannun Jamus a watan Nuwamba.

Daga nan sai rundunar ta koma fakewa a lungunan gaɓar Turkiyya, tana fita da jiragen masunta na Girka tana kai hari tsibiri bayan tsibiri. Manufar ita ce a tilasta wa Jamus ta ajiye dubban sojoji suna gadin duwatsu a teku, maimakon ta kai su fagen fama a Italiya ko Rasha. A watan Afrilu 1944 Lassen ya kai hari tsibirin Santorini, ya afka wa barikin da sojojin Jamus da na Italiya suke kwana a saman wani banki, aka kashe da yawa daga cikinsu, aka kuma fasa tashar rediyo. Shi ya rasa mutum biyu. Bayan kwanaki kaɗan Jamusawa suka harbe waɗansu mazajen ƙauyen Vourvoulos bisa zargin sun taimaki maharan. A cikin wannan wata dai aka kama wata ƙungiyar SBS a tsibirin Alimniya, aka yi musu tambayoyi, aka kashe akasarinsu bisa umurnin nan na Hitila. Watau abin da ya tsiro a Sak ya biyo abokan Lassen har tekun Girka.

A ƙarshen Oktoba 1944, yana manjo, ya shiga birnin Salonika da mutane 'yan kaɗan lokacin da Jamusawa suke shirin janyewa. Ya yi ta kai da kawo da motocin kashe gobara na birnin da hayaniya mai yawa, har abokan gaba suka ɗauka babbar runduna ce ta iso. Mutanen Girka da suka zauna da shi sun riƙa tunawa da shi a kan yadda yake raba musu abinci da magani a lokacin yunwa. Sojojinsa kuwa sun san shi da saurin fushi, da ƙin rubuta dogon rahoto, da ƙiyayya mai tsanani ga Jamusawa. Duk waɗannan halaye a jikin mutum ɗaya suke.

Tafkin Komakiyo

A farkon Afrilu 1945 Runduna ta Takwas ta Ingila tana shirin kai babban hari na ƙarshe a arewacin Italiya. A gefen hanyarta akwai tafkin Komakiyo, mai faɗi, marar zurfi, cike da taɓo. Aka umurci Lassen ya tsallaka tafkin da kwale-kwale ya kai hari gaɓar arewa, ya yi ɓarna da hayaniya yadda Jamusawa za su zaci ta nan babbar runduna za ta sauka.

Daren 8 ga wata, wayewar 9, ya sauka da mutum goma sha takwas a kan wata siririyar hanya da ruwa ya sa tsakiya, babu wurin fakewa ko kaɗan. Masu gadi suka tsai da su, aka amsa musu da cewa masunta ne masu komawa gida, amma dabarar ba ta ci ba, aka buɗe musu wuta. Lassen ya ruga shi kaɗai da gurneti ya tarwatsa ramin farko, ya wuce na biyu ya yi masa haka. A rami na uku sai aka yi kiran miƙa wuya. Ya matsa kusa don ya karɓi fursunoni, sai aka sako masa harsasai daga gefe. Yana faɗuwa ya jefa gurneti. Mutanensa suka so su ɗauke shi, ya hana, domin ya san ɗaukarsa a kan wannan hanya zai jawo mutuwar waɗansu. Takardar da ta bayyana dalilin ba shi Victoria Cross ta lissafa ramuka uku da bindigogi masu aman wuta guda shida da aka kawar a wannan dare.

Ya mutu ranar 9 ga Afrilu 1945, shekara biyar cif daga ranar da aka mamaye ƙasarsa, yana da shekara 24. A ran nan babban harin ya fara. Ranar 2 ga Mayu sojojin Jamus da ke Italiya suka ajiye makamai, ranar 5 ga Mayu kuma Danmak ta sami 'yanci. Kabarinsa yana maƙabartar sojoji ta Argenta, kusa da inda ya faɗi.

Abin da ya bari

A watan Satumba 1945 aka sanar da ba shi Victoria Cross. Shi kaɗai ne mutumin da ba ɗan Ingila ko ƙasashen da ke ƙarƙashin sarautarta ba da ya sami wannan lamba a yaƙin. Ga mutanen Danmak abin yana da ma'ana ta musamman, domin gwamnatinsu ta yi zaman lallaɓa da Jamus har zuwa watan Agusta 1943, saboda haka sunan Lassen, tare da na 'yan gwagwarmaya da dubban ma'aikatan jiragen ruwa da suka yi wa ƙawance aiki, ya zama abin da suke nunawa idan an tambaye su ina suka tsaya. An kafa mutum-mutuminsa a Kofanhagin kusa da gidan tarihin gwagwarmayar 'yanci. Mahaifiyarsa, Suzanne Lassen, ta bi sawunsa ta tattara shaidar waɗanda suka yi yaƙi tare da shi, ta fitar da littafi a kansa a 1949. Akwai kuma gidauniya mai sunansa da ke karrama sojojin musamman na Danmak. A 2024 aka fito da wani fim na Turanci da ya ɗauki harin Fanando Po, amma ya cika shi da harbe-harbe da zubar da jini, alhali abin da ya sa harin ya yi suna shi ne an gama shi ba a kashe kowa ba.

Ta fuskar shari'a kuwa, umurnin Hitila na 1942 ya zama hujja a kan waɗanda suka zartar da shi. Ranar 1 ga Disamba 1945 aka harbe Janar Anton Dostler saboda ya sa an kashe sojojin Amurka goma sha biyar da aka kama cikin kayan soja a Italiya. A kotun Nuremberg umurnin yana cikin laifuffukan da aka tuhumi Keitel da Jodl da su, kuma an rataye su a watan Oktoba 1946. Da haka aka tabbatar cewa sojan da ya miƙa wuya yana da haƙƙin a bar shi da ransa, ko da wane irin hari ya zo kaiwa, kuma cewa faɗin an umurce ni ba ya wanke mai kisa.

Kammalawa

Alhakin harbe mutanen Kirit da na Santorini yana wuyan waɗanda suka harbe su, wannan babu ja a ciki. Duk da haka shugabannin da suka tsara hare-haren sun san ramuwa za ta biyo baya, suka auna, suka ga ribar ta fi. Wani lokaci lissafinsu ya yi daidai, wani lokaci kuwa fursuna ɗaya aka samo, aka bar mutane masu yawa da ankwa da kaburbura. Lassen da kansa ya biya da abin da ya fi komai tsada a wurinsa, kuma a sa'arsa ta ƙarshe ya fifita ran mutanensa a kan nasa. Wannan ya isa ya sa a riƙa tunawa da shi da girmamawa. Sai dai mai karanta tarihinsa zai fi kusa da gaskiya idan ya jera sunansa tare da ma'aikatan injin jirgin Vulcan da suka tashi daga Ikko, da matar Sak da aka kai sansani, da mazajen ƙauyen Vourvoulos, waɗanda babu wanda ya rataya wa lamba.